Lita 400, Kwana 20 a Teku: Yadda Mazauna Ƙananan Jiragen Ruwa Ke Yin Wanki

Duk mai bibiyar tashoshin YouTube irin su Sailing La Vagabonde ko SV Delos ya saba da hotunan da suke ɗorawa: ruwa shuɗi garau, tsibiri mai farin yashi, da mutanen da suka bar zaman gida suka koma rayuwa cikin ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska. Jirgin La Vagabonde ne ma ya ɗauko Greta Thunberg daga Amurka zuwa Lisbon a ƙarshen 2019, tafiyar da ta ci kusan mako uku. Abin da kyamara ba ta cika haskawa ba shi ne jakar kayan dattin da ke lungun ɗakin kwana. Mutum yana zaune a tsakiyar ruwan da ido bai ganin ƙarshensa, amma wanke riga biyar sai ya tsaya ya yi lissafi.

Lissafin kuwa kashi uku ne: ruwa, wuta, da bushewa. Kowace na'urar wanki da ake tallata wa waɗannan mutane tana rage ɗaya ne ta ƙara wa ɗaya nauyi.

Ruwan da ke cikin tanki

Kowace shekara a ƙarshen Nuwamba, jirage sama da ɗari na tashi daga Las Palmas da ke tsibiran Kanari su nufi Saint Lucia a yankin Karibiyan, a wani gangami da ake kira ARC, wanda Jimmy Cornell ya fara a 1986. Nisan ya kai mil 2,700 na teku, kuma jirgi matsakaici kan yi kwana 18 zuwa 21 kafin ya ga ƙasa. Babu inda za a tsaya a ɗebi ruwa.

Jirgi mai tsawon mita 12 yakan zo da tankin da ke cin lita 300 zuwa 600. A ɗauka lita 400 ne, wato jarka 16 irin ta 'yan garuwa mai lita 25. Idan mutum huɗu ne a ciki, tafiyar kuma kwana 20, kowa na da lita 5 a rana. A ciki zai sha, a ciki za a dafa abinci, a wanke kwano, a goge baki, a ɗan watsa a jiki. Injin wanki na zamani mai buɗewa ta gaba yana shan kusan lita 50 a wanki ɗaya, tsofaffin masu buɗewa ta sama kuma sukan haura 100. Ke nan wanki ɗaya ya cinye ruwan kwana biyu da rabi na mutanen jirgin gaba ɗaya. Idan iska ta ɗauke tafiyar ta ƙara mako guda, wannan lita 50 ɗin ruwan sha ne aka zubar.

Shi ya sa yawancin masu tsallaka teku ba sa wankin kirki a hanya. Ƙananan kayan ciki kawai ake ɗaurayewa, sauran a tara sai an isa.

Me ya hana a yi da ruwan teku?

Wannan ce tambayar farko da kowa ke yi, amsarta kuma tana cikin ilimin sinadarai. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kusan giram 35 na gishiri. Mafi yawansa gishirin miya ne, amma akwai maganiziyam da kalsiyam a ciki, su ne ke kama sabulu su mai da shi wani farin dusa-dusa mai maƙalewa a jikin zare. Wanda ya taɓa wanki da ruwan rijiya mai zartsi ya san yadda sabulu ke ƙin kumfa; na teku ya ninka haka sau da yawa. Omo da sabulun ruwa na zamani sun fi sabulun gargajiya jure wannan, don haka wankewar kanta tana yiwuwa.

Matsalar tana zuwa ne bayan an shanya. Ruwan zai tafi, gishirin zai zauna a cikin zaren, shi kuma gishiri janyo laima yake daga iska. Gishirin miya yana fara jiƙewa da kansa idan laimar iska ta kai kashi 75 cikin ɗari, na maganiziyam tun daga kusan kashi 33. A kan teku da wuya laima ta sauka ƙasa da haka. Rigar da ta bushe ƙamas da azahar, da magariba sai a ji ta da damshi tana maƙale wa fata. Kwana biyu uku ana zama da irin wannan wando a kan benci mai motsi, sai ƙaiƙayi da ƙuraje su fito a cinya da mazaunai, waɗanda matuƙa suka sani sarai kuma suke gudu, domin ba sa saurin warkewa a cikin danshi. Zanen gado mai gishiri kuma shi ke kawo fumfuna cikin katifa.

To a wanke da na teku a ɗauraye da na daɗi mana? Wasu na yi, musamman ga tsummokara da kayan aiki masu maiƙo. Sai dai fitar da gishiri daga tawul ko wandon jins yana buƙatar ɗauraya biyu ko uku, har ruwan daɗin da aka kashe ya kusa kai wanda da an yi wankin da shi tun farko. Haka tsohuwar dabarar nan ta zuba kaya a jakar raga a ɗaure da igiya a ja su a bayan jirgi: tana fitar da datti, tana kuma koɗar da tufa, igiya na tsinkewa an yi asarar kayan duka.

Na'urar da ke mai da wuta ruwa

Abin da ya sauya rayuwar mazauna jirgi shi ne na'urar tace ruwan teku, wadda suke kira wotameka. Fasaharta ita ce RO ɗin da masana'antun fiya wata da yawa ke amfani da ita, sai dai ta teku ta fi buƙatar ƙarfi nesa ba kusa ba. Famfo ne ke tura ruwan gishiri ya matse shi a jikin wani tantani mai ƙofofin da ƙwayar ruwa ke iya wucewa, gishiri ya tsaya. Ruwan teku da kansa yana turjiya da ƙarfin da ya kai ba 27, don haka sai an matsa shi da kusan ba 55 zuwa 60 kafin ruwan daɗi ya fara fitowa da yawa. Tayar mota ba 2 da ɗan abu take ɗauka.

Irin wannan matsi wuta yake ci. Tsofaffin samfura sai an tada janareta ko injin jirgi. Na baya-bayan nan, irin na kamfanonin Spectra da Schenker, suna da dabarar karɓo ƙarfin da ke cikin ruwan gishirin da za a zubar su sake tura sabon ruwa da shi, har suka sauko da cin wutar zuwa wat-awa 4 ko 5 a kowace lita. Ga ma'aunin da mai waya zai gane: batirin waya mai 5000mAh yana riƙe kusan wat-awa 19. Cajin waya ɗaya daidai yake da lita 4 na ruwan sha. Lita 50 ta injin wanki kuwa cajin waya goma zuwa goma sha uku ce, kuma ƙaramar na'ura mai ba da lita 30 a awa sai ta yi sama da awa ɗaya da rabi tana ƙara kafin ta haɗa ta.

Kuɗinta dubban daloli ne, ga ta da shagwaɓa. Ba a kunna ta a tashar jirage inda mai ke yawo a saman ruwa, don mai na kashe tantanin. Sinadarin kulorin ma yana lalata shi. Idan za ta yi kwanaki a kashe sai an wanke ta da ruwan daɗi, idan watanni ne sai an zuba mata maganin adanawa. Matuƙin da ya san abin da yake yi ba ya barin tankinsa ya sauka ƙasa da abin da zai kai shi gaɓa idan na'urar ta mutu yau, wannan ƙa'idar ita ke yanke hukuncin ko za a yi wanki ko a'a.

Ruwan sama kyauta ne, kuma ya fi kowane ruwa karɓar sabulu. Ana shimfiɗa tamfol mai bututu a tsakiya, a bar ruwan farko ya wanke gishirin da ke kai, sannan a tara. A wurare masu yawan ruwan sama, ɗan kwale-kwalen roba da ake ɗaurewa a bayan jirgi yakan wayi gari cike, a nan take ya zama bahon wanki.

Injin wanki a cikin jirgi

Manyan jirage, musamman masu gangar jiki biyu da ake kira katamaran, da yawansu suna da injin wanki. Akwai Daewoo Mini mai cin kilo 3 da ake kafewa a bango, wanda ya fito a 2012 don ƙananan gidajen Koriya ta Kudu, masu jirage suka rungume shi saboda ba ya cin wuri. Akwai Splendide mai wanki da busarwa a akwati ɗaya, wanda aka fi gani a jiragen Amurkawa. Akwai kuma masu baho biyu na roba, ɗaya na wanki ɗaya na matsewa, masu araha da sauƙin gyara.

Wutar jirgi daga batir take, galibi mai bolt 12 ko 24, sai inbata ta mai da ita irin ta gida. Batirin litiyam mai 400Ah a bolt 12 yana riƙe kusan wat-awa 5,000, faifan sola mai wat 400 kuma a rana mai kyau yakan mayar da 1,600 zuwa 2,000. A cikin wannan ne firji zai ci, da fitilu, da na'urar da ke riƙe sitiyari da kanta, da Starlink wanda babban faifansa ke jan wat 50 zuwa 75 muddin yana kunne. Awa goma ta intanet ta fi wanki da ruwan sanyi cin batir.

Motar da ke juya kaya ba ta da wani ci sosai. Hitar da ke cikin injin ce ɓarauniyar. Ɗumama lita ɗaya ta ƙaru da digiri ɗaya yana cin wat-awa 1.16, ba yadda za a yi da wannan, dokar kimiyya ce. A kai lita 15 daga digiri 25 zuwa 60, an kashe sama da wat-awa 600, cajin waya talatin da ɗoriya, kuma hitar tana jan kusan wat 2,000 lokaci guda, abin da ke durƙusar da ƙaramar inbata. Saboda haka ko dai a zaɓi wankin sanyi, ko a ba injin ruwan da ya riga ya yi zafi. Yawancin jirage na da tankin da zafin injin jirgi ke ɗumamawa idan an yi tafiya da shi, wasu kuma baƙar jakar roba suke cikawa su ajiye a rana. Mai sola da inbata a gida da ke tunanin sayen injin wanki, lissafinsa ke nan shi ma.

Akwai wasu ƙananan tarkuna. Injin mai allon lantarki ba ya shiri da inbata mai araha wadda wutarta ba ta fita sumul. Wutar Turai bolt 230 ce, ta Amurka 120, saurin bugunsu ma ya bambanta, jirgin da ke yawo tsakanin nahiyoyi kuma zai gamu da duka biyun a tashoshi. Sannan jirgi mai gangar jiki ɗaya yana tafiya ne a karkace idan iska ta cika masa tufa, injin da ke karkace yana tsalle kan igiyar ruwa kuwa yakan ƙi matse kaya, don na'urar da ke cikinsa na ganin nauyi bai daidaita ba. Wanki sai an jefa anka a wuri mai kwanciyar ruwa.

Bokiti bai tafi ko'ina ba

A 1959 wani masanin sinadarai na kamfanin Henkel a Jamus, Herbert Sinner, ya bayyana cewa abu huɗu ne ke fitar da datti: sinadari, cuɗawa, zafi, da lokaci. Idan an rage ɗaya sai a ƙara wani. A jirgi zafi na da tsada, sabulu mai yawa yana nufin ɗauraya mai yawa, lokaci kuwa kyauta ne. Don haka ake jiƙa kaya tun dare da omo kaɗan, ƙasa da rabin abin da aka saba, a bokiti mai murfi. Idan jirgin na tafiya ma ya fi, tangaɗin teku ne zai yi cuɗawar. Da safe a ɗan dandanna su da sandar roba irin ta buɗe masai, sabuwa wadda aka huda mata ramuka, a matse sosai, a ɗauraye. Lita 10 zuwa 15 ta isa kayan mutum biyu na 'yan kwanaki, ruwan ɗaurayar ƙarshe kuma shi ne ruwan jiƙon kashi na gaba. Daga fararen kaya ake farawa, a ƙare da tsumman goge ƙasa.

Na'urorin hannu suna nan iri-iri. Scrubba jaka ce marar shigar ruwa mai ƙananan ƙusoshin roba a ciki, wani ɗan Ostareliya mai suna Ash Newland ya ƙirƙiro ta lokacin da yake shirin hawa dutsen Kilimanjaro. Nauyinta bai kai na waya ba, tana wanke riga biyu da kayan ciki, amma zanen gado ya fi ƙarfinta. WonderWash ƙaramar ganga ce da ake juyawa da hannu. Dukansu suna aiki, sai dai babu wadda ta yi wa bokiti fintinkau. Su kuwa ƙananan na'urorin nan masu igiyar USB da ake cewa a jefa su a baho su wanke kaya da girgizar sauti, gara mutum ya riƙe kuɗinsa. Irin wannan girgiza tana aiki a kan abu mai tauri kamar tabarau da zobe, tufa kuwa shanye ta take yi.

Wasu matuƙa na zuba ɗan ruwan amoniya na goge-goge a madadin omo, domin yana narkar da maiƙon jiki kuma yana bin iska idan an shanya, ba sai an ɗauraye ba. A sarari ake yin wannan, ba cikin ɗaki ba. Kuma haɗa shi da bilic irin su Hypo ko Jik yana fitar da iska mai guba da ke ƙona huhu, a jirgi ne ko a banɗakin gida.

Inda wahalar take: bushewa

Idan aka tambayi waɗanda suka daɗe a jirgi wace na'ura ce ta fi cancantar wurin da take tarewa, da yawa ƙaramin injin matse kaya za su nuna. Ganga ce tsaye mai kamar babban kwandon shara, ba ta wanki ba ta zafi, juyawa kawai take da gudun da kan kai 2,800 a minti. Dalilin darajarta yana cikin lambobi. Mai da lita ɗaya ta ruwa tururi yana buƙatar kusan wat-awa 630, shi ya sa injin busarwa mai hita ya fi ƙarfin batirin ƙaramin jirgi. Injin matsewa kuwa yana jan wat 300 na minti uku, wat-awa 15 ke nan, bai kai cajin waya ɗaya ba, kuma ya fitar da ruwan da hannu ba zai taɓa iya fitarwa ba. Auduga da aka matse da hannu tana riƙe ruwan da ya kai nauyinta, bayan wannan injin kuma sai ya koma wajen rabi. Ribar biyu ce: kaya na bushewa cikin 'yan awanni, kuma da yake ruwan sabulun ya fita tun kafin ɗauraya, ɗauraya ɗaya ta wadatar.

Shanya a kan wayoyin ƙarfen da suka kewaye jirgi ake yi, bayan an goge su da tsumma mai ruwan daɗi, in ba haka ba gishiri da tsatsa su zana layi a farar riga. Iskar da ke busar da kaya cikin awa ɗaya ita ce kuma ke ɗauke su, abin da ya faɗa teku ya tafi ke nan. Ana sa maƙalai uku huɗu a kowace riga, ko a zura igiya ta hannun riga da ƙafar wando. Kafin a jiƙa komai ana duba manhajar Windy ko PredictWind, a ga ko gobe akwai rana, a ga kuma ko iska za ta yi ƙarfin da zai riƙa watso feshin teku kan shanya. Kafin faɗuwar rana ake kwashewa saboda raɓa. Wasu tashoshin masu tsada ma sun hana shanya a fili, wai tana ɓata musu kyan wuri.

Dabarar da ta fi duka sauƙi ita ce rage abin da za a wanke. Wandon jins da tawul mai kauri su ne abokan gaba, shi ya sa ake komawa siririn tawul irin na Turkiyya da riguna masu saurin bushewa. Roba-robar yadi tana bushewa da wuri amma tana riƙe warin zufa, ulun merino kuma ana iya sa shi kwanaki bai yi wari ba, sai dai tsada.

Idan an sauka gaɓa

Zannuwan gado da barguna sai a ƙasa. A nan waya ce babbar na'urar wanki: manhajoji irin su Noforeignland da Navily, da shafin Noonsite, suna nuna inda shagon wanki yake a kowace tasha, tare da bayanan waɗanda suka riga suka je, ko injinan na aiki, ko kati suke karɓa ko sai tsaba. A wasu tsibiran Karibiyan masu sana'ar wanki ne ke zagayowa da kwale-kwale da safe su karɓi jaka, su dawo da ita a ninke. A tsibirin da shi kansa ruwan sama yake tarawa ko yake tace na teku, kuɗin wanki ɗaya yakan sa baƙo ya koma wa bokitinsa. Komawa jirgi ma sai da jaka marar shigar ruwa, don igiyar ruwa ɗaya ta fallatso cikin kwale-kwale ta mayar da aikin yini baya.

Sauran tambayar ita ce inda ruwan wankin ke zuwa. A yawancin ƙananan jirage kai tsaye yake fita teku, sau da yawa a kan murjani ko ciyawar ruwa inda aka jefa anka. Tarayyar Turai ta taƙaita sinadarin fosfet a omon gida tun 2013 saboda yadda yake haddasa gansakuka mai shaƙe ruwa, amma ba kowace ƙasa ce ta yi haka ba. Wani bincike na Jami'ar Plymouth a 2016 ya gano cewa wankin kilo 6 na yadin roba zai iya sakin ƙananan zaruruwa sama da 700,000, a jirgi kuma babu matatar gari da za ta tare ko kaɗan daga ciki, sai dai a sa kayan cikin jaka mai tacewa irin Guppyfriend. Turkiyya ta fi tsanantawa: a gaɓarta an hana zubar da ruwan wanki da na wanka a teku, ana so jirgi ya tara shi a tanki ya kai wurin zuƙewa. Wanda jami'an tsaron gaɓa suka ga kumfa na fita daga gefen jirginsa, tara ce mai nauyi ke jiransa.